Kafin Ki Buɗe Gwangwanin Fentin Nan

Gusau, daren Laraba.

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona, ina yi muku barka da tarewa a sabon gida, Allah Ya sa an shiga a sa'a, Ya sa gidan arziki ne. Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira ki, domin na san halina kuma na san naki: idan muka fara a waya, kafin in kai tsakiyar magana kin ce mini "to Mama, na ji", ni kuma raina ya ɓaci, mu rabu ba a faɗi abin da ya kamata a faɗa ba.

Goggonki ta dawo daga Kano ranar Lahadi, bakinta cike da yabon gidan. Ta ce falo ya yi, ɗakuna sun yi, kicin ne kawai ya rage, saboda mai gidan hayar ya bar muku zaɓi. Sai ta ciro waya ta nuna mini hoton da kika tura mata, wani kicin na ƙasar waje mai bango rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, yana ta ƙyalli. Ta ce irinsa kike so, har kin ba wani mai fenti kafin alƙalami, shi kuma ya yi miki alkawarin samo fentin mai da rahusa, irin wanda ake aunowa daga babban duro a zuba a galan. Ita tana faɗa tana murna, ni kuwa tun daga wannan rana ban sami barcin kirki ba.

Bari in fara da abin da kowace mace mai girki za ta gaya miki. Kicin ɗinki, yadda aka kwatanta mini, taga ɗaya gare shi, ƙarama, kuma tana kallon katangar maƙwabta. Ɗaki irin wannan launi mai haske yake so, wanda zai karɓi ɗan hasken da ya shigo ya watsa shi, domin ranar da aka ɗauke wuta kina yanka albasa da magariba za ki gode wa bangon da ya taimaki fitilarki. Ruwan toka mai duhu da shuɗi mai duhu, waɗanda ake yayi yanzu, shanye haske suke yi. Fari fat kuwa tonon asiri gare shi, ɗigon manja ɗaya ya fantsama daga kasko sai ya zauna yana kallonki, ga ƙurar hunturu da ba ta bar kowa ba. Shi ya sa na daɗe ina tsaye a kan ruwan madara. Launin da kika gani a fuskar waya kuma ya bambanta da launin da zai kewaye ki ta fuska huɗu a zafin watan Afrilu, ga tukunya a kan wuta, ga tururi. Ki sa a shafa miki kamar faɗin faifai a bango, ki bar shi ya bushe, ki dube shi da hantsi, ki dube shi da la'asar, ki dube shi da fitila, sannan ki yanke shawara. Bayan murhun gas kuma, inda mai ke tsalle, layi uku ko huɗu na tayil sun fi kowane fenti. A madafin Kakarki farar ƙasa muke shafawa duk jajiberin Sallah, kafin wata biyu kunkunniya ta mayar da ita baƙa, mu sake, kuma ba a taɓa jin ta cutar da kowa ba.

Da a ce wannan ce duka damuwata, da na bar ki da zaɓinki, domin gidanki ne kuma ke za ki tsaya a ciki. Abin da ya hana ni barci shi ne kalmomi uku da suka haɗu a bakin Goggonki: rawaya, fentin mai, da rahusa. Uwata, dalma nake tsoro. Tun da can masu haɗa fenti suna amfani da sinadaran dalma wajen fitar da rawaya da ja da ruwan goro masu ƙarfi, suna kuma zuba ta a fentin mai domin ya yi saurin bushewa. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, kuma iyakar da hukumomin lafiya na duniya ke kira a tsaya a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. Amma duk lokacin da masu bincike suka sayo fentin mai a kasuwanninmu suka auna, sukan sami gwangwanayen da suka ninka wannan iyaka sau da yawa, kuma rawaya ce ta fi yawan zama a sahun gaba. Wanda aka auno daga duro, babu suna babu takarda, wa za ki riƙe idan an tambaya me ke cikinsa? Mai fentin kansa bai sani ba, ya dai san yana rufe bango da shafa ɗaya kuma yana ƙyalli.

Kina da shekara goma sha biyu a 2010, lokacin da muke Anka, saboda haka abin da kika riƙe kawai shi ne na daina dawowa gida da wuri, kuma na hana ku zuwa ƙauye hutun shekarar. Ni kuwa ina riƙe da sauran. Ana kawo mana yara asibiti suna jijjiga, idanu sun kafe, jiki ya sanƙare, mu yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro, wasu a yi zaton sanƙarau ne, amma babu sauƙi, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka aika da jini aka auna, aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gidaje ana daka ana niƙa, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙauyen Bagega na Anka sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, kuma a 2015 aka sake ganin irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Har yanzu ina ganin wata uwa da ta zauna a bakin baranda, ta ɗora ɗanta a cinya tana fifita shi da gefen mayafi, tana ce mini jiya da yamma da ƙafarsa ya bi ta rijiya. Kin kuma san abin da ya sami gidan Kawunki, ba sai na maimaita ba, kin san kuma yadda wanda ya rayu yake har gobe.

Ba zan yi miki ƙarya in ce fentin bango daidai yake da ƙurar ma'adinai ba. Waccan ta zo da yawa ne ta kashe nan take. Ta fenti kuwa a hankali take aiki, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ba ta sa zazzaɓi balle a ruga asibiti. Kicin ɗaki ne na tururi da danshi, fenti ba ya daɗewa a cikinsa bai fara kumbura yana ɓarewa ba, musamman ta ƙasa kusa da wurin wanke-wanke, daidai tsayin yaron da ke koyon tsayuwa da bango. Ƙofa tana gugar madogararta, gari yana zuba, hannu ya taɓa ƙasa ya tafi baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga abin da aka haɗiya. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, sai bayan shekaru a ga yaro ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi, alhali laifin yana jikin bangon uwarsa. Sannan ga halin da kike ciki, wanda ba ki faɗa mini ba amma Goggonki tana da ido, kuma dalma tana ratsawa daga jinin uwa ta kai ga abin da ke cikinta.

A nan ne raina ya ɓaci da ke, kuma ba zan ɓoye ba. Ke da kika yi karatu har jami'a, kika tashi a gidan da aka san wannan masifa da ido, ki zauna ki ba mutum kuɗi ya auno miki abin da ba ki san asalinsa ba, saboda kawai kin ga hoto ya burge ki? Kin tambayi ƙawayenki, kin tambayi waya, kin tura wa Goggonki, ni ce kawai ba ki ga ya dace ki tambaya ba, don kin san zan ce a'a. Araha ba ta ado, Uwata. Wajen kayan ɗakinki ba mu yi ƙwauro ba, mahaifinki ya sayar da abin da kika sani, to ba a kan galan biyu na fenti za a fara tsimi ba.

Na san abin da ake faɗa a kaina a dangi, cewa tun da na dawo daga Anka komai guba ne a wurina. Sun faɗa lokacin da na hana a sa wa ƙannenki kwallin dutse, har Kakarki ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, alhali irin wannan kwallin sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa. Na karɓi sunan, domin wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya. Idan na tsananta muku kuna yara, da abin da na gani na tsananta, kuma ga ku nan duka a raye da hankalinku, alhamdu lillahi.

Ga abin da nake roƙonki. Ki dakatar da mai fentin, idan kafin alƙalamin ya tafi ki bar masa. Ku je da maigidanki da kanku shagon dillalin kamfani sananne, ku sayi fentin ruwa mai ɗan santsi, irin wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, a bokitinsa rufe da hatiminsa, domin fentin ruwa ba kasafai ake zuba masa dalma ba, kuma ki duba ko an rubuta a jiki cewa babu ita. Ki lura da abin da ke bangon tun kafin ku zo, da jan fentin tsatsa da ake shafa wa ƙofar ƙarfe da taga, shi ma abin zargi ne. Idan tsohon fentin mai ne a wurin, kada ki yarda a kankare shi a bushe ƙura ta cika gida. A jiƙa, a cire abin da ya ɓare kawai, a kwashe, a goge ƙasa da ruwa, a fitar da tukwane da kayan abinci tun kafin a fara. Ke da yaron ku tafi gidan surukarki har a gama, a bar taga a buɗe sai wari ya fita.

Ban manta ba cewa rawaya launinki ne tun kina ƙarama. Ina tuna Sallar da kika ƙi cin abinci sai an canza miki atamfa da mai ruwan ɗorawa, mahaifinki ya koma kasuwa da daddare. Ban ce ki rabu da ita ba. Akwai rawaya mai sanyi a fentin ruwa, wadda ta ɗan fi ruwan madara kaɗan, za ta haska miki ɗakin nan mai taga ɗaya fiye da wadda kika gani a hoto, sauran kuma ki cike da labule da kwanuka da murafan roba, duk rawayar da ranki ke so. Idan kuɗin ya fi abin da kuka tanada, ɗaukar adashina ƙarshen watan nan ne, zan turo cikon, kuma ba sai maigidanki ya ji daga ina ya fito ba.

Kafin a buɗe bokitin, ki ɗauki hotonsa gaba da baya ki turo mini in karanta da tabarauna. Na ba direban da ya saba kawo miki saƙo daddawa da kuka da ɗan man shanu, zai iso ranar Asabar. Ki gaida mini surukina da kyau, ki gaida surukarki, ki shafa mini kan angona, ki kuma rage tsayuwa a gaban wuta. Allah Ya yi miki albarka, Ya raba lafiya.

Mahaifiyarki.