Dogo, an miƙa mini usur

Assalamu alaikum.

Dogo, ina gaisuwa. Ya iyali, ya zafin Houston? Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Tun Babbar Sallah rabon da in ji muryarka, kuma saƙon da ka turo a lokacin hoton rago ne kawai, ko barka da Sallah babu. Inna ta ce in tambaye ka ko ka samu yajin da aka aiko maka, don ta fara zargin ɗan aiken.

Labari ne da ni. An kira ni kan in karɓi horar da yaran unguwa ƙwallon kwando, 'yan ƙasa da shekara sha shida, a filinmu na da. Har yanzu kwandon gabas a karkace yake, kada ka tambaya. Na ce a ba ni lokaci in yi shawara, amma tun ranar barcina ya ragu. Gwiwata ta hagu ta riga ta yanke hukunci a kan wasa, wannan an gama. Abin da ke cin raina shi ne maganarka ta wurin mai shayi, wadda ka maimaita har na haddace: wai wanda ya ƙare rayuwarsa a benci ba shi da abin da zai koya wa kowa. Na san da ni kake, ba sai ka rantse ba.

To ga kocin ƙungiyar garinku nan, Houston Rockets, wato Ime Udoka. Kana zaune gari ɗaya da mutumin, na kuma tabbata ko ƙofar filinsu, Toyota Center, ba ka taɓa leƙawa ba, kai da a da ba ka da zance sai na Hakeem Olajuwon da kofunan 1994 da 1995. Udoka ɗanmu ne ta wajen uba, mutumin Akwa Ibom, ko da yake a Portland aka haife shi a 1977. Da ya gama jami'a a 2000 babu ƙungiyar NBA, babbar gasar Amurka, da ta ɗauke shi. Ya yi yawon ƙananan gasanni, ya je Ajantina, ya je Sifen da Faransa, har lodin kaya ya yi a kamfanin aika saƙo don ya ci abinci. Lakers sun kira shi a 2004, wasa 4 kacal ya buga. Sai yana dab da shekara talatin ya samu kaka guda cikakkiya a Portland, daga nan San Antonio, inda aikinsa bai wuce ya manne wa gwanin abokan hamayya ya hana shi sakat ba, idan an ba shi ƙwallo a kusurwa ya jefa.

Ka tuna 2006, gasar duniya a Japan, da muka taru a shagon yayanka? Jamus 78, mu 77, ga Dirk Nowitzki a cikinsu. Udoka na cikin waɗanda suka ɗauki D'Tigers, ƙungiyar Najeriya, a wuya a gasar nan. Kai ne ka harbi bokitin ruwan mutane don haushi, yayanka kuma ya ce kada mu sake taka masa shago. Af, ya ƙara aure, ka ji? Amaryar 'yar layin su mai wanki ce. Uwargida ta yi yaji na kwana biyu, ta dawo da kanta da ta ji an fara maganar sabon firji.

Ina muka tsaya? Wato a 2012 Gregg Popovich, kocin San Antonio, ya ce wa Udoka ya ajiye takalmi ya zo ya zama mataimakinsa. Shekara 7 ya yi yana riƙe allo a bayan tsohon nan, suka ci kofi a 2014. Ya ƙara shekara a Philadelphia, shekara a Brooklyn, sannan Boston ta ba shi ragama a 2021. Nan ne abin ya fi burge ni. A watan Janairu sun ci 18 an ci su 21, 'yan jarida sun fara wasa wuƙa. Shi kuwa bai fasa faɗa wa taurarin ƙungiyar, Tatum da Brown, gaskiya a bainar jama'a ba: ku saki ƙwallo, ku tsare gida. Suka ƙare kakar da 51 da 31, suka kai wasan ƙarshe, Golden State ta doke su 4 da 2. Ni a ganina wanda ya sha zaman benci ne kaɗai ke iya wannan, don ya shekara yana kallon fili gaba ɗaya, ya san wanda ke lalaci idan ƙwallo ba ta hannunsa. Gwani bai san yadda ake rashin iyawa ba, to ta ina zai fara bayani? Magic Johnson ya gwada a Lakers a 1994, wasa 16, ya ci 5, ya tattara ya tafi. Na san za ka ce Larry Bird fa, da ya zama gwarzon koci a Indiana a 1998. Naka ne wannan, na bar maka.

Ba wai ina wanke mutumin ba ne. Abin da ya sa Boston ta dakatar da shi a Satumban 2022, maganar hulɗa da wata ma'aikaciyar ƙungiya, shi ya jawo wa kansa, kuma ya zubar da aikin da mutane ke shekara ashirin suna nema. Allah Ya rufa mana asiri. Amma dubi Houston: ya same su a 2023 da nasara 22 a kaka, ya kai su 41, ya kai su 52 da matsayi na biyu a Yamma. Golden State ɗin nan dai ta sake fitar da shi a wasa na 7. Ga shi a 2025 an haɗa shi da gwani Kevin Durant, sai mu ga ko zai iya yi wa wannan tsawa.

Nawa yaran ba su da Durant. Akwai wani siriri da ya kusa kamo ka a tsawo, hannu kamar naka, taurin kai ma naka, ba ya ba kowa ƙwallo. Rabinsu da silifas suke zuwa, ƙwallo biyu ce gare mu, ɗaya tana sacewa kafin la'asar. Iyaye kuma sai an bi su gida-gida an yi alkawarin ba za a taɓa lokacin Islamiyya ba. Maman yara ta ce in dai ba za a taɓa kuɗin cefane ba, in je in yi ta busa usur har Magariba.

Don haka idan mai zuwa ya samu, ka haɗo ni da ƙwallo ko biyu da famfo, da takalma ko na hannu ne, daga lamba 43 zuwa sama. Kada ka turo rigar Rockets mai sunanka a baya irin ta wancan karon, babu wanda zai sa.

Mai shayi yana gaishe ka, ya ce bashinka na nan a littafi, kuma yanzu da dala zai karɓa. Ka gaida madam da yara, ka kira Inna ranar Juma'a.

Naka,
Sarkin Benci