Godiya ga wani ofishin lauyoyi da ke titin Gidan Zoo

Assalamu alaikum. Ni maƙeri ne a Dakata, injin matsar man gyaɗa nake haɗawa. Na rubuto ne in gode wa wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke titin Gidan Zoo, musamman wata matashiyar Barista da ta karɓe ni.

Kafin in same su na sha yawo da zanen sabon injina. Duk inda na shiga zancen ɗaya ne: kawo kuɗi, takardar mallakar ƙirƙira za ta fito daga Abuja. Wani ko naɗin zanen bai warware ba.

Ita kuwa zaunar da ni ta yi, ta ce, "Baba, samun takardar ba wuya, tsayuwarta a kotu ce aiki." Ashe a dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 mai rajista cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya ba da tabbacin abin sabo ne. Sai an je Babbar Kotun Tarayya ake tankaɗe da rairaya, kuma da'awar da ka rubuta, wato sashen takardar da ka fayyace abin da kake cewa ƙirƙirarka ce, ita ce iyakar haƙƙinka, zane da bayani fassara ta suke yi.

Da'awar da wani ya rubuta mini a baya cewa ta yi duk injin da ke matse gyaɗa da ƙarfe mai murɗawa cikin bututu nawa ne. Barista ta yi murmushi, ta ce injinan Indiya da Sin sun daɗe a haka, kuma doka tana lissafa duk abin da aka taɓa bayyanawa ko amfani da shi a ko'ina a duniya a matsayin tsohon abu. Wanda ya faɗaɗa shinge har ya ci gonar maƙwabci, da kansa ya jawo a rushe shi. Ko haɗa tsofaffin dabaru biyu bai wadatar ba, in dai kowane gwanin sana'ar zai hango haɗin. Ta yi ta tambayata har muka tsaya a kan yadda na bi da zafin salansa ya ɗumama gyaɗar kafin matsa, ta rubuta da'awar a kan wannan kaɗai. Sauran cike-ciken ba su ɗau lokaci ba.

Abin da ke ci mini rai, masu sana'ar hannu nawa ne a garin nan suka rataye takarda a shago, suna biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, ba wanda ya taɓa karanta musu abin da ke ciki? A ofisoshi da yawa, in ba ka sa babbar riga ba ko kujera ba a nuna maka.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Wani maƙeri daga Dakata, Kano