A Ba Mota Wuni Guda Kafin a Biya Kuɗinta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wata asara da ke cin mutanenmu a Kaduna ba tare da an cika faɗa ba, wato sayen motar da ake komawa ana cizon yatsa a kanta. Ma'aikaci zai haɗa adashi da bashin banki, ɗan fansho ya kwashe giratutinsa kaf, a sayi mota ranar Asabar ana ta Allah sanya alheri, kafin wata uku tana kwance a gareji ana neman kuɗin injin ko na giya. Sai a ce ba a yi sa'a ba. Galibi ba sa'a aka rasa ba, bincike ne ba a yi ba. Aibin da ya kwantar da motar yana jikinta tun ranar ciniki, kuma da an ba ta wuni guda da an gan shi.

Abin da ya fi jefa mutane shi ne sayen suna. An riga an yanke hukunci a majalisa cewa Toyota ba ta mutuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma kowane kamfani yana da shekarun da ya yi tuntuɓe. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, wadda ake kira Muscle, injinta 2AZ-FE ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin. Mai ita idan ba ya zare sandar awon mai duk mako, wata rana a hanyar Zariya fitilar mai za ta kama, kafin ya sauka gefen titi injin ya buga. Accord ta 2003 zuwa 2007, wato EOD da DC, mai silinda huɗu tana da juriya, amma ta farkon shekarun mai silinda shida giyarta na da rauni. Kuma kowa ya taɓa ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karye ciki. Bal-join na ƙasa ne ya fita, kuma ba ya fita sai ya daɗe yana ƙara ana biris da shi, ko an sa jabu. Nissan Murano da Altima masu giyar CVT, wata irin giyar otomatik, daɗin tuƙi gare su, sai dai giyar ba ta son zafi, ba ta yarda da kowane mai, kuma idan ta mutu ba kasafai ake gyara ta ba, sai dai a sauke a ɗora wata.

Mu 'yan Kaduna bai kamata a koya mana ma'anar mota mai aminci ba. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, kuma abin da ya sa 504 ta yi zamani ba wai ba ta lalacewa ba ne. Tana da tsayi daga ƙasa, kayanta na ko'ina, kuma duk ƙauyen da ta tsaya akwai wanda ya san cikinta. Wannan ma'aunin bai canza ba. Kafin mutum ya sa ransa a wata mota, ya shiga Panteka ya tambayi kuɗin abu huɗu nata: injin, giya, burenbos (wato kwamfutar motar) da shokozoba na gaba. Idan aka ce masa sai an aiko daga Ladipo a Legas, ya san duk ƙaramar matsala za ta zame masa mako guda a ƙasa. Motocin Jamus na alfarma da suka tsufa sirrin araharsu a nan yake ɓoye. Haka nan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawa daga masu silinda shida sun jingine su a gida, don ba su lissafa shan man ba ranar saye.

Ranar dubawa a je da sassafe, a tarar da injin da sanyinsa. A taɓa bonet. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita, a tambayi dalili. A tsaya a bayan salansa lokacin da aka murza makulli. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, gasket ya tafi. A buɗe murfin baƙin mai a haska ciki da tocila: baƙar dasƙararriyar laka shaida ce an daɗe ana tsallake juyen mai, farin kumfa mai kama da madara kuwa ruwa ne ya haɗu da mai. Tun injin na da sanyi a cire murfin lagireto, a tayar, a sa ido. Idan kumfa na ta tasowa ba tsayawa, a haƙura da motar komai kyan fentinta. Idan kuma fanka ta tashi nan take tare da injin alhali ba a kunna na'urar sanyi ba, an haɗa ta kai tsaye ne, kuma sau da yawa zafin da motar ke yi ake rufewa.

Sai fitilun dashbod. Da an murza makulli kafin a tayar, dole fitilar cek da ta ABS da ta jakar iska su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, saboda haka a je da mai na'urar kwamfuta. Kada a tsaya a kan cewa ba ta nuna laifi ba, domin ana goge laifin kafin mai saye ya iso. A ce masa ya duba ko gwaje-gwajen da burenbos ke yi da kansa sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Lambar P0420 kuwa tana nuni ga matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, wadda ake yawan farke salansa a kwashe a sayar kafin mota ta iso hannun mai saye.

Giya ba ta tona asirinta a zagayen layi ɗaya. Man giyar otomatik mai lafiya ja ne. Idan ya koma baƙi yana ƙauri, faifan ciki sun ƙone. A taka birki a sa D, a koma R: ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba jinkiri, ba duka. Sannan a tuƙa ta aƙalla minti talatin, a hau baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ta canza duk giyoyinta, a kuma shiga cunkoso ana tsayawa ana tashi. Yawancin giyar da ta gaji lafiya lau take da sanyi, sai mai ya yi zafi take fara zamewa, injin na kuka mota ba ta ja. Dillalin da ya ce babu mai a tanki, a saya masa lita biyar. Wanda ya ƙi duk da haka, ya riga ya ba da amsa.

Inda aka fi cutar mutane shi ne motocin haɗari da na ambaliya. Da yawa daga tokumbon Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su. Kowace mota tana da lambar VIN mai harufa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Su zo daidai da juna da na takarda. Na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 7 na nufin 2007, A na nufin 2010, don haka Corolla da aka canza wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru ba za ta ɓoye ba. Da wannan lambar ana sayen tarihin motar a intanet da kuɗi kaɗan, wani lokaci har a ga hotonta a filin gwanjo da adadin tafiyar da ta yi kafin a mayar da mita baya. A tuna mitar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ruwa ya ci kuwa, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa a nemi tabon laka, a ɗaga kafet, a leƙa ramin safaya da ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko da tsatsa. Irinta injin na iya tashi garau, amma soket-soket ɗin waya na ruɓewa a hankali: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, mai gyaran waya ya zama ɗan gida. A bi bodi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cika fila. A dubi notocin fenda da na bonet ko sufana ta taɓa su. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, shawarata kada a kusance ta, don an yanke an yi walda a wurin da rai ya dogara da shi.

Akwai kuma laifin da yake namu, wanda nake ganin ya kashe injuna fiye da shekaru. Mota na isowa sai a ce a cire tamostat wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a zubar da ruwan sanyaya injin a ɗura na famfo. Tamostat shi ke riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90. Idan babu shi, burenbos na ɗauka injin bai ɗumama ba, ya yi ta ƙara fetur, shan mai ya ƙaru, fetur ya wanke bangon silinda. Ruwan famfo kuma tsatsa yake haifarwa, ya toshe lagireto, ya ci famfon ruwa. Man giya ma ba ɗaya ba ne: Toyota na da T-IV da WS gwargwadon shekara, Honda DW-1, CVT ɗin Nissan NS-2 ko NS-3. Lita huɗu na man da ba nata ba sun isa su hallaka giyar miliyan. Baƙin mai a bi abin da aka rubuta a murfi ko littafin motar. Injin da aka ce 5W-30 kada a ɗura masa 20W-50 don kawai shi aka saba da shi, kuma da ƙurarmu ta hunturu a juye shi da filta duk kilomita 5,000. Wanda ya sayi 406 ya canza taimin bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa a makon farko, don ba wanda ya san yaushe aka sa na ciki, kuma idan ya tsinke fistin zai daki bawul.

Shi ya sa nake ba da shawara kada a ƙarar da kuɗi a kan farashi. A ware kashi ɗaya cikin biyar don mai, birki, batir da tayoyi. Lambobi huɗun ƙarshe a gefen taya mako da shekara ne, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana fashewa a zafin Afrilu.

A je da bakanike na kai, a biya shi ladan wuninsa tun kafin a fita, ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya sa ido ga la'adar mai sayarwa. Takardar kwastam a kai ofishinsu a tantance kafin kuɗi ya fita, musamman da yake a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma takardun bogi sun yi yawa. A rubuta yarjejeniya da lambar VIN da ta injin, da shaidu biyu, a sa sharaɗin cewa idan takarda ta zama ta jabu mai sayarwa zai dawo da kuɗi. Ina kira ga shugabannin masu sayar da motoci na Kaduna su wajabta wa mambobinsu wannan rubutu, su kuma bar mai saye ya kai mota garejin da ya zaɓa kafin a yi sallama.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kakuri, Kaduna.