Masu rubuta soyayyar "ashe ba shi ba ne", ku tuna da bincike

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasanmu na Maraɗi masu rubuta labaran soyayya na raha, irin waɗanda yarinya ke ɗaukar wani a matsayin wani. Salo ne mai daɗi, kuma ya dace da ƴan lise da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Sai dai da yawa labarin na kwancewa tun farko, don marubucin ya manta garin da ya ajiye mutanensa.

A Maraɗi ba a ɓuya. Saurayi ya zo zance sau biyu a Mokoyo, kafin na uku ƙanen yarinyar ya san ɗan gidan wa ne, in bai sani ba mai kabu-kabun da ya kawo shi zai faɗa. In magana ta kai ga manya kuwa, bincike za a yi: asali, sana'a, masallacin da yake salla. Saboda haka ruɗanin ba ya iya wuce ranar da aka ce "ya turo magabatansa". A labari mai babi 12, shawarata a jefa kuskuren a babi na 2, a bar shi ya yi kauri har na 8, asiri ya tonu a na 9, sauran ukun na fushi ne da ban-haƙuri.

Tagwaye, Hassana da Usaina, an sha su har sun gundura. Akwai wasu hanyoyin ƙulla ruɗanin. Ga lambar waya: tamu mai lambobi 8 ce, in aka kuskure ɗaya saƙo ya faɗa hannun wata. Ga Nana biyu a gida ɗaya, ƴar gida da ƴar ƙanwar uwa da ta zo hutu daga Tibiri. Ga yaron shago a babbar kasuwa da aka tarar kan kujerar Alhaji. Amma kowanne na da ɓarakar da sai an toshe. Hoton WhatsApp, saƙon murya, da takardar aika kuɗi mai ɗauke da sunan mai aikawa, kowannensu na iya kashe labarin a layi guda. In yarinyar ba ta ga hotonsa ba, a faɗi dalili tun da wuri, ko da ƙaramar waya ce marar kyamara take riƙe da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗa kuskure da yaudara. Yaron da ya gane an ɗauke shi ɗan Alhaji, ya yi ta neman bakin faɗin gaskiya ana katse shi, mai karatu na tausayinsa yana dariya. Wanda ya ari mota da shadda don ya ƙara rufe ta, ya zama mayaudari, kuma ba yarinyar da za ta so a aura wa jaruma shi. A ba shi yunƙurin faɗin gaskiya aƙalla biyu a kan takarda.

Mai karatu ya riga jaruma sanin gaskiya, nan dariyar take. Tonon asirin kuma a sa shi a bakin mai ikon wasa, kaka ko taubashi, don in uba ne ya gano, labarin ya tashi daga raha ya koma shari'a a zaure.

Wassalam,
Mai karatunku daga unguwar Zariya, Maraɗi