Godiya ga Alhaji mai shagon kayan lantarki a Sabon Gari da yaransa

Assalamu alaikum.

Alhaji, na san ba ka son yabo a bainar jama'a, amma ka yi haƙuri, wannan karon sai na faɗa.

Bara ɗana da ke aiki a Legas ya kawo mini ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 60, na ruwan gishiri, da kifaye biyu da murjani mai rai a ciki. Mu nan Zariya a wuyan mata muka san murjani, ban taɓa ganin mai motsi ba sai ranar. Na ɗora masa farin ƙwan fitila irin na ɗaki. Kafin wata guda launinsa ya dushe, gansakuka ta rufe gilashin. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na zo shagonka, fitila mafi ƙarfi na nema, irin wadda ake haska tsakar gida da ita, kuɗina a hannu. Wani zai miƙo mini ita ne kawai ya karɓi kuɗinsa. Kai kuwa sai ka ba ni kujera, ka tambayi zurfin tankin da irin murjanin da ke ciki, sannan ka kira yaronka da ke karatun ilimin halittu a jami'a a Samaru.

Bayanin yaron nan har yau yana kunnena. Ya ce, "Baba, murjani dabba ce, amma a cikin tsokarta akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. Su ke haɗa mata abinci da haske." Ya ce a cikin teku jan haske yana ɓacewa tun daga sama-sama, shuɗi ne ke ratsawa ƙasa, don haka da shi murjani ya saba. Ashe ba ƙarfin fitila ne matsalata ba, launin haskenta ne. Da ya ga hoton tankin a wayata, ya ce nawa irin mai laushi ne, matsakaicin haske ya ishe shi, ba kamar mai rassa masu tauri ba.

Maganar zafi kuma kai ka kawo ta, Alhaji. Ruwan yana son ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26, ga shi a watan Maris da Afrilu garin nan yakan doshi 40. Fitilar da na zo saye da dafa ruwan za ta yi. Ka ce in jira kwana biyar, ka sa aka kawo mini fitilar LED mai shuɗi da fari, wadda ake rage mata ƙarfi, kuma kuɗinta bai kai na waccan ba.

Yaranka biyu suka biyo ni har Tudun Wada. Suka rataye ta sama da ruwan, inda feshin gishiri ba zai ci ƙarfenta ba, suka haɗa ta da batirin sola saboda ɗauke wuta, suka sa na'urar da ke kunna ta awa tara kullum ta kashe da kanta. Suka ja kunnena kada in buɗe ƙarfinta gaba ɗaya, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako, domin haske mai ƙarfi farat ɗaya yana sa murjani ya fitar da tsirran nan ya koma fari fat. Har suka tuna mini cewa da hunturu ruwa na saurin ƙafewa ya bar gishiri, sai in riƙa cikawa da ruwa marar gishiri. Kuɗin mota ma da ƙyar suka karɓa.

Yanzu wata huɗu ke nan. Murjanin ya buɗe, kore da ruwan goro, jikokina kuma bayan sallar magariba a gabansa suke zama.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi a kasuwa, ya ba yaron nan sa'ar jarrabawa. Duk ranar da ka biyo ta Tudun Wada, Alhaji, ka tsaya ka gani da idonka.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya