Na tashi daga kansar ƙwan mahaifa amma shimfiɗata ta mutu

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri naki. Dan Allah a ɓoye sunana, kuma ki yi haƙuri da tsawon saƙon, abin ya daɗe yana cina a rai na rasa wa zan faɗa wa.

Shekaruna 42, yarana huɗu. A 2023 aka gano ina da kansar ƙwan mahaifa, bayan na daɗe ina fama da kumburin ciki da saurin ƙoshi ana ta ba ni maganin olsa. Aka min tiyata aka cire ƙwayayen biyu har da mahaifar, sannan aka ɗora ni kan kemo, ƙarin ruwan nan da ake yi duk bayan sati uku, gashina ya zube kaf. Yanzu alhamdulillah gwajin jinina na CA-125, wanda ake bibiyar ciwon da shi, ya sauka, gashi ya dawo, duk wanda ya ganni sai ya ce ke dai sai godiya. Kuma wallahi ina godiyar.

Amma Anti tunda aka cire ƙwan nan al'adata ta ɗauke lokaci guda, cikin dare zafi ya taso min daga ƙirji zuwa fuska in jiƙe sharkaf ko da hunturu ne, ga bushewar gaba, in maigida ya kusance ni zafi kamar ana yankana da reza, sha'awa kuwa babu ita ko kaɗan. Shi ma bawan Allah tsoro yake ji, wai wani abokinsa ya ce masa kusantata zai iya tayar da ciwon, ko ma shi ya ɗauka. Wata nas ta ce min ba a ɗaukar kansa ta saduwa, na faɗa masa ya yi shiru kawai. Mutumin da ya saida filinsa saboda maganina, yanzu sai mu kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ga Hajiyarsa ta fara zancen ƙarin aure tunda haihuwa ta ƙare, ni ba kishiyar ce damuwata ba, in zama ƴar kallo a gidana ne bana so.

A asibiti kuwa ba wanda ya taɓa min maganar shimfiɗa, ko kafin aikin ko bayansa. Likitan namiji ne, ga ɗalibai tsaye a kansa, ga layi a waje, ya duba takarda ya ce Hajiya akwai wata matsala? Kinsan kunyarmu, sai in ce babu in fito.

Yayata ta kawo min tsumi da gumba da wani matsi, wai su za su dawo da ni'ima. Matsin na ƙi sakawa, wajen da aka yi ɗinki ina ni ina cusa abin da ban san da me aka haɗa ba. Na sayi K-Y Jelly, man nan mai sa santsi, a kemis, ya rage zafin kaɗan amma sha'awar shiru. A wani guruf na WhatsApp wata ta ce akwai maganin homon, wato sinadarin da ƙwan mahaifa ke samarwa, da ake ba wadda aka cire wa ƙwai, har da na shafawa, wata kuma ta ce mai kansa ba ta taɓa shi sai da izinin likitanta, to ni likitan ne na kasa tambaya.

Anti ya zan yi in buɗe baki a gaban likita, ko zan iya cewa mace nake so ta ganni? In tafi da maigida ya ji da kunnensa, ko hakan zai ƙara masa nauyi? Kuma in da hali ki gayyato likitar mata cikin shirin ta yi bayani dalla-dalla, maigida yana sauraronki in yana mota, ƙila daga bakinta ya fi yarda. In kuma kin san inda mata irina ke haɗuwa suna tattaunawa, ki faɗa a iska zan ji.

Taki, wata baiwar Allah daga Funtuwa.