Sabon katun ɗin Thomas don yara aka yi shi, a bar su su kalla

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan katun ɗin nan na jiragen ƙasa masu fuska, Thomas & Friends, wanda kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya sake wa fasali a 2021 ya sa masa suna All Engines Go. Ni malamar nazare ce a Rigasa, 'yan shekara uku zuwa biyar ne a hannuna, kuma duk abin da suka kalla a wayar iyayensu da daddare shi suke kawo min aji da safe, to ina ganin ina da ta cewa.

Tun da sabon ya fito manya ke ta kushe shi a intanet, wai an lalata musu abin da suka taso da shi, zanen ya yi arha, jiragen sai tsalle-tsalle. Ni kam ina ganin sabon ya fi dacewa da ƙananan yara, kuma su aka yi wa.

Ai ba yau aka fara canza shi ba. Wani limamin coci ne a Ingila, Wilbert Awdry, ya fara ƙirƙiro labaran yana ba ɗansa lokacin da yaron ke kwance da ƙyanda, littafi na farko ya fito a 1945, shi Thomas ɗin ma sai a na biyu ya shigo a 1946. A 1984 aka kai shi talabijin, da ƙananan jiragen da aka ƙera da hannu da mutum ɗaya mai ba da labari, sannan wajen 2009 aka koma zanen kwamfuta. Tsohon yana da kyau ba musu, da yawa cikin labaransa daga ainihin abubuwan da suka faru a reluwe aka ɗauko su, amma tarbiyyarsa akwai tsauri, akwai labarin da jirgi Henry ya ƙi fitowa daga ramin dutse don kada ruwan sama ya ɓata masa fenti, sai aka sa bulo aka toshe shi a ciki aka tafi aka bar shi. Ka nuna wa ɗan shekara uku wannan ka ga ko biyayya zai koya ko tsoro. A sabon, jiragen nan Thomas da Percy da Nia da Diesel duk yara ne, muryoyinsu ma yara ne suka yi, in ɗaya ya yi kuskure sai su taru su gyara, babban jirgi Gordon yana gefe kamar babban yaya yana tsawatarwa. Kowane kashi minti goma sha ɗaya ne da 'yar waƙa a ciki, daidai hankalin yaro kafin ya fara mutsu-mutsu.

Abin da ya fi saye zuciyata shi ne Bruno, jan taragon birki da aka shigo da shi a 2022, mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke ce wa otizim. Yana son jadawalin tafiyar jirage, ya haddace shi tsaf, ba ya son a sauya masa tsari kwatsam, hayaniya tana damunsa, kuma a ƙarshen jirgi yake tafiya yana kallon baya, to yakan hango abin da sauran ba su gani ba. Yara masu lalurar ne suka yi muryarsa, wanda ya yi ta a Ingila ɗan shekara 9 ne a lokacin. Malam Edita kai ma ka san yadda muke yi da irin waɗannan yara a unguwanninmu, wani a ce aljanu ne, wani a ce taurin kai ne ko uwar ce ta sangarta shi, a kulle shi a ɗaki in an yi baƙi, uwar na kuka a ɓoye ba ta da wanda za ta faɗa wa, makarantu da yawa kuma in sun ga alama sai su ce ba gurbi. Na taɓa riƙe yaron da ke toshe kunne yana jijjiga duk sanda aka buga ƙararrawa, 'yan ajin suna masa dariya, kuma wallahi bayanin da na yi ta yi musu bai shiga ba kamar ranar da na ce ai kun ga Bruno ma ba ya son ƙara amma ba wanda ya kai shi sanin hanya. Daga nan suka fara jan hannunsa zuwa nesa da ƙararrawar da kansu. Ko don wannan kaɗai ni sabon ya biya ni.

Nia ma 'yar Kenya ce, tun 2018 aka kawo ta, a sabon tana cikin manyan 'yan wasa tare da wata mai suna Kana, jirgi mai tafiya da lantarki 'yar Japan, yaranmu mata suna ganin nasu a gaba.

Inda na yarda da masu suka wuri ɗaya ne, kuma ya fi shafarmu mu 'yan Kaduna fiye da su. A sabon, jirgi yana tashi sama ya bar layin dogo, ya lanƙwashe, ya ɗauki kaya da ƙafafunsa kamar hannu, ya tsaya cak a inda ya ga dama, direba ma ba ka ganinsa. Yaron da bai taɓa ganin jirgi ba wannan wasa ne a wajensa, amma garin nan garin reluwe ne tun zamanin Turawa, har kasuwa muke da ita mai suna Bakin Dogo, kuma tun 2016 da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna jirgin gaske yake shigowa tashar Rigasa, yaranmu suna jin ƙahonsa daga gida, wasunsu suna bin gefen layi in an aike su ko suna kora awaki. Jirgin gaske ba ya kaucewa, in direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya saboda nauyi. Don haka iyaye dan Allah in yaro na kallo a zauna kusa ko sau ɗaya ne a faɗa masa wannan a fili, ni ma haka nake yi a aji duk sanda zancen ya taso, amma ban ga dalilin hana su kallo gaba ɗaya ba.

Roƙona na ƙarshe ga tashoshinmu da masu sutudiyo da ke fassara finafinan Indiya da na Turkiyya, su nemi izini yadda doka ta tanada su mayar mana da wannan Hausa, musamman sassan da Bruno ke ciki, a sa yaranmu su yi muryoyin, a ƙarshen kowane kashi kuma a ƙara minti ɗaya wani tsohon ma'aikacin reluwe ya yi wa yara bayanin yadda ake tsallaka layin dogo. Irin waɗannan dattawan da suka yi ritaya suna nan da yawa a Kaduna da Zariya da Kafanchan, in an neme su za su zo.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Taku,
Wata malamar nazare,
Rigasa, Kaduna.